Tsohuwar Fijo da Man da Babu Dalma

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tashoshin mota da garejojin ƙasar Kazaure, wadda duk mai zama da tsofaffin direbobi ya taɓa jin ta: wai man fetur na yanzu ba shi da maiƙo, ruwa ne kawai mai kama wuta, shi ya sa inji ba ya ƙarko irin na da. Masu wannan magana sukan kafa hujja da motocin da suka tuƙa a shekarun 1970 da 1980, waɗanda a cewarsu sai su yi shekaru ba a kwance kan injinsu ba. Matasan direbobi kuwa sukan ɗauki zancen a matsayin begen zamanin da ya shuɗe, irin na dattijon da komai na ƙuruciyarsa ya fi na yau daɗi. To amma maganar ba ta rasa tushe ba. Lallai akwai abin da aka cire daga cikin fetur, an kuma cire shi ba tare da kowa ya tsaya ya yi wa direban akori-kurar da ke jigilar gero da awaki tsakanin Karkarna da Kazaure bayani ba. Abin da aka cire ɗin shi ne dalma.

Sai mu fara da warware wani ruɗani na harshe. Bahaushe yakan ce tukunyar dalma, alhali tukunyar da maƙera ke zubawa ta alminiyam ce, ƙarfen nan marar nauyi. Dalmar da muke magana a kai a yau ita ce mai nauyin nan mai laushi da ake samu a cikin batirin mota da harsashi, wadda likitoci ke nufi idan sun ce gubar dalma. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin ƙarafan biyu duk za su fito a cikin bayaninmu, kuma ɗaya ne ya ceci Fijo daga rashin ɗaya.

A Turai da Amurka, tambayar ko tsohon inji zai iya shan man da babu dalma ba tare da ya lalace ba, tambaya ce ta masu sha'awar tsofaffin motoci, waɗanda ke ajiye su a gida suna gogewa, su fito da su ranar hutu a yi kallo. A Yankwashi da Roni da Gwiwa da Babura kuwa, tsohuwar mota jari ce. Ita ke kai amfanin gona kasuwa, ita ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye da tsakar dare, kuma idan injinta ya kwanta, tukunyar gida guda ce ta sauka daga kan murhu. Saboda haka mun fi su buƙatar amsar, ko da yake sun fi mu neman ta.

Dalma ta shiga fetur ne a Amurka. A watan Disamba na 1921 wani injiniya mai suna Thomas Midgley, da ke aiki a ɗakin binciken kamfanin General Motors, ya gano cewa ɗan digon wani sinadari mai ɗauke da dalma yana hana inji ƙwanƙwasa. Ƙwanƙwasar nan daban take da abin da muke kira bugawar inji. Ita ce ƙarar da direba ke ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ya taka totur a kan hawa da kaya. Tana faruwa ne idan mai ya fashe da kansa a cikin silinda saboda matsi da zafi, maimakon ya bi wutar fulogi ya ƙone a tsanake. Juriyar mai ga irin wannan fashewa ita ake aunawa da ma'aunin okten, kuma dalma ita ce hanya mafi arha ta ɗaga wannan ma'auni. An fara sayar da man a garin Dayton a watan Fabrairu na 1923. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata biyar suka mutu cikin hauka a wata matatar kamfanin Standard Oil a jihar New Jersey, inda ake haɗa sinadarin, wasu gommai aka kwantar da su a asibiti. An dakatar da sayar da shi na ɗan lokaci, aka kafa kwamiti, sannan aka ci gaba da ciniki har shekara kusan ɗari.

Ba don ta kare inji aka zuba dalma a mai ba. Kariyar da tsofaffin direbobinmu ke kira maiƙo tsintuwa ce aka yi a hanya. Ga yadda abin yake. A saman kowace silinda akwai bawul na shigar mai da na fitar hayaƙi. Na fitar hayaƙin shi ne ɗan wahala a cikin inji, domin zafinsa kan kai maki 700 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyos, wato yakan yi jajir kamar ƙarfe a maƙera. Idan inji yana juyi 3,000 a minti guda, bawul ɗin yana buɗewa ya rufe sau 25 a kowace daƙiƙa, kuma duk rufewa dukan ƙarfe ne a kan ƙarfe. Wurin da yake sauka shi ake kira mazaunin bawul. Idan mai mai dalma ya ƙone, tokarsa takan shafe bakin bawul da mazauninsa da wani siririn rufi mai laushi, wanda ke hana ƙarafan biyu taɓa juna kai tsaye. Idan babu wannan rufi, kuma mazaunin na ƙarfe ne mai taushi, sai zafi ya riƙa liƙe su na ƙiftawar ido, bawul ya tashi da ɓurɓushin ƙarfen a bakinsa, ɓurɓushin ya taurare, ya koma yana cin mazaunin kamar dutsen wasa wuƙa. A hankali bawul ya nutse cikin kan inji, tazarar tafet ta ƙare, ya daina rufewa sosai, wuta ta riƙa zurara ta gefensa har ya ƙone. Direba zai ga mota ta rasa ƙarfi, tana rawa a silo, tana wahalar tashi da safe.

Ba kowane inji ke kamuwa da wannan ciwo ba, kuma a nan ne sa'armu ta shigo. Masu ƙera motoci na da sun bi hanyoyi biyu wajen yin kan inji, abin da kanikawa ke kira tof silinda. Wasu sun yi shi da baƙin ƙarfe na zubi, suka yanka mazaunin bawul a jikin ƙarfen kai tsaye. Wasu sun yi shi da alminiyam, wanda taushinsa ba zai jure dukan bawul ba ko da dalma ko babu, don haka tilas suka dasa masa zobe na ƙarfe mai tauri a matsayin mazauni. Motocin Ingila na wancan zamani, Ostin da Moris da Bilhodi mai shan fetur da tsohuwar Landiroba, galibinsu kan baƙin ƙarfe gare su. Fijo 404 da 504 kuwa kan alminiyam gare su mai dasasshen zobe, haka ma Boksuwaja ƙirar kunkuru. Abin dariyar shi ne Landiroba jikinta ne na alminiyam, kanta na baƙin ƙarfe, Fijo kuma jikinta ƙarfe, kanta alminiyam, kuma a wannan jarrabawa kai ne ya yi rana. Motocin Japan, Toyota da Datsun, su ma sun tsallake da wuri, domin ƙasarsu ta fara juya wa dalma baya tun a shekarun 1970, ta kuma gama da ita a 1986, masana'antunsu sun shirya injinansu tun kafin lokacin.

Mai karatu ya tuna wace mota ce ta mamaye Arewa. Tun da aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna a 1975, gwamnati da ma'aikata da 'yan haya duk suka koma kanta. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina yin ta. Hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa Dambatta da Kazaure, ta sha tayoyin wagon da akori-kura fiye da na kowace mota. Lokacin da dalma ta bar fetur a Najeriya, motocin Ingila masu kan baƙin ƙarfe sun riga sun yi ƙaranci, manyan motocin kaya sun koma dizal, wanda dama can babu dalma a cikinsa, abin da ya saura a hannun talaka kuwa mafi yawansa Fijo ce da motocin Japan. Da a ce masana'antar Kakuri Ostin ta riƙa harhaɗawa, da labarin ya sha bamban.

Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun haɗu a Dakar a watan Yuni na 2001, suka yi alƙawarin raba fetur da dalma kafin ƙarshen 2005. Najeriya ta cika nata kafin wa'adin, kuma daga ranar 1 ga Janairu 2006 aka ayyana yankin baki ɗaya a matsayin wanda ya rabu da ita. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya, inda man ya ƙare a gidajen mai a watan Yuli na 2021, Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shelar ƙarshensa a watan Agusta na shekarar. A yau ƙananan jiragen sama masu injin fistin na cikin 'yan kaɗan da suka rage suna shan mai mai dalma. Ma'anar wannan ita ce duk Fijo 504 da ke kan hanya a Roni ko Gwiwa a yau ta yi shekara ashirin tana shan man da babu dalma, ko mai ita ya sani ko bai sani ba. Babu gwajin da ya kai wannan tsawo, kuma sakamakonsa yana fake a bakin kasuwa ana yi masa lodi.

Duk da haka akwai bambanci tsakanin yadda muka tsallake da yadda wasu suka tsallake, kuma bambancin ya fi sakamakon damuna. Kafin Ingila ta haramta man a ranar 1 ga Janairu 2000, sai da aka fitar da jerin motoci, kowace da bayanin ko za ta iya shan sabon mai, ko sai an saita ta, ko sai an sake mata mazaunin bawul. Aka kawo wani mai na wucin gadi mai ɗauke da sinadarin fotasiyam a madadin dalma, aka sayar da shi na wasu shekaru. Tarayyar ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci ta ƙasar ta sa aka gwada magungunan da ake ɗigawa a tanki a 1999, ta bayyana waɗanda suka yi aiki, sauran kuma kasuwa ta watsar da su. Afirka ta Kudu ma ta sayar da irin wancan man na wucin gadi daga 2006. Mu a nan, bayanin bai sauko gareji da tasha ba. Mai tsohuwar Landiroba da bawul ɗinsa ya riƙa ƙonewa a kai a kai bai san dalili ba, ya zargi bakanike, bakanike ya zargi kayan gyara, daga ƙarshe aka sayar wa 'yan gwangwan.

Ga wanda har yanzu yake riƙe da inji mai kan baƙin ƙarfe, amsar ita ce zai iya aiki da man yau, amma da sharaɗi. Cin mazaunin bawul yana tsananta ne idan inji ya daɗe yana gudu sosai ko yana jan kaya mai nauyi, musamman sama da juyi 3,000 a minti. Motar da ke zirga-zirga a hankali tsakanin ƙauyuka za ta iya shekaru ba ta nuna komai ba. Wadda ake danƙara wa buhu ashirin a kama hanyar Kano ana taka ta har ƙasa, ita ce ke cikin haɗari. Hanyar ganewa kuma ba ta da tsada: a riƙa auna tazarar tafet na bawul ɗin hayaƙi a rubuta. Idan duk awo ana samun tazarar tana raguwa, mazauni na ciyuwa ke nan. Maganin dindindin shi ne a kai kan injin wurin masu injin yankan ƙarfe, irin waɗanda ake samu a Kano da Kaduna, su rarake tsohon mazaunin su dasa zobe mai tauri. Aiki ne na sau ɗaya. A kuma lura cewa bakaniken da ya goge bakin bawul da mazauninsa a irin wannan inji, ya kankare ɗan sauran rufin dalmar da ya rage tun zamanin da, don haka ciwon yakan bayyana ne jim kaɗan bayan an yi wa mota babban gyara, abin da ke ƙara sa a zargi mai gyaran.

Mai Fijo ma kada ya saki jiki gaba ɗaya, domin ba duk zobe ne taurinsa ɗaya ba, kuma kan injin da ya haura shekara arba'in ya sha hannun kanikawa iri-iri. Awon tafet ɗin nan ya shafe shi. Abin da ya fi shafarsa kuwa shi ne ƙwanƙwasa. Man da ake sayarwa a ƙasar nan ma'auninsa na okten a hukumance bai wuce 90 zuwa 91 ba, kuma idan inji yana kaɗa tsakuwa a kan hawa, bakanike ya ɗan ja taimin baya a distiributa har ƙarar ta ɗauke. Za a rasa ɗan ƙarfi kaɗan, a tsira da fistin.

Kafin wani ya ce to a dawo mana da man da, bari mu duba abin da aka riƙa biya. Fetur ɗin Najeriya na shekarun 1990 yana ɗauke da fiye da rabin giram na dalma a kowace lita, yana cikin mafi yawa a duniya a lokacin. Mafi yawan wannan dalma ta salansa take fita, ta sauka a ƙurar bakin titi, inda mai ƙosai ke suya, inda yara ke wasa suna kai hannu baki. Farfesa Jerome Nriagu, ɗan Najeriya masanin muhalli a Jami'ar Michigan, shi da abokan aikinsa sun auna jinin yara 'yan shekara ɗaya zuwa shida a Kaduna, suka wallafa sakamakon a 1997. Sun sami matsakaicin maikrogiram 10.6 na dalma a kowace desilita ta jini, kuma abin da ya fi alaƙa da yawanta shi ne gidan yaron yana bakin kwalta, ko mahaifinsa yana da mota. Wato abubuwa biyun da muke ɗauka alamar ci gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a kira marar illa. Tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro ba tare da zazzaɓi ko ƙurji ba, sai dai a ga yaro ba ya gane karatu a ce daƙiƙi ne, a kai shi ga bulala. A manya kuma tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda. Mutanen Arewa sun ga fuskarta a fili a 2010, lokacin da ƙurar haƙar zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ta fetur ba ta kisa a rana ɗaya irin haka, sai dai ta shiga kowane gari mai titi, ta kuma yi shekaru tana shiga. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa raba ta da mai yana hana mutuwar mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a kowace shekara.

Ko ga injin kansa ma, dalma ba alheri zalla ba ce. Tana toshe fulogi, tana gurɓata baƙin mai, kuma sinadaran da ake haɗa ta da su don su kore tokarta sukan zama ruwan asid mai cin salansa. Tsofaffin direbobi da ke yabon man da, a tambaye su sau nawa suke kwance fulogi su kankare a wata. Sannan ita ce ke kashe tukunyar tace hayaƙin nan da ke jikin salansar motocin zamani, wadda kanikawa ke kira indomi. Saboda ita ne ma Amurka ta fara yaɗa man da babu dalma a 1975. Mu kuma da motocin suka iso mana, sai muka mayar da tukunyar abin cirewa a sayar, amma wannan zance ne na wani makon.

To me ke kashe injinan tsofaffin motocinmu, in ba rashin dalma ba? Duk bakaniken kirki a Kazaure zai lissafa maka. Akwai gurɓataccen mai. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin mai na ƙasa da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, motoci suka lalace, layuka suka dawo. Metanol yana cin roba da fatar famfon mai, yana cin ƙarfen kafireto, yana kuma jawo ruwa, kuma tsohuwar mota ta fi kowace rauni a gabansa. Wancan an sani ne domin ya shigo ta jirgin ruwa. Na jarka da kwalba da ake saya wurin 'yan bumburutu a ƙauyukan da gidan mai ya yi wa nisa, babu mai auna shi, kuma duk abin da ya fi fetur arha a lokacin yana iya samun hanyar shiga cikinsa. Akwai baƙin mai na awo da ba a san asalinsa ba. Akwai ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto, wanda ke cin kan alminiyam ɗin da muka gama yabo. Akwai matatar iska da ake cirewa a jefar, a ƙasar da ƙurar hunturu ke rufe rana. Akwai kuma lodi, wanda ba ya buƙatar bayani ga duk wanda ya taɓa ganin akori-kura ta taso daga kasuwa gindinta na jan ƙasa. A cikin wannan jeri, dalma ce ta ƙarshe.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon zance a yanzu shi ne ciwon mazaunin bawul yana shirin dawowa ta wata ƙofa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a 2024. Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, aka buɗe cibiyoyin sauyawa a birane irin su Kano da Kaduna. Talakawa kuma ba su jira shiri ba: manoman rani da masu janareto sun riga sun koyi ɗaura wa injinansu tukunyar gas ta girki. Arhar gaskiya ce, kuma gas ya fi fetur tsabta, ba ya ma sa inji ƙwanƙwasa. Sai dai busasshen makamashi ne. Fetur yakan shiga inji da danshinsa ya ɗan sanyaya bawul, ya kuma bar ɗan abin da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Gas ba ya yin ko ɗaya. Mazaunin da ya jure rashin dalma ba lallai ne ya jure gas ba, shi ya sa kamfanonin da ke ƙera mota mai gas tun daga masana'anta, kamar na Indiya, suke sa mata bawul da mazauni na musamman masu ƙarin tauri. Injin ban-ruwa kuwa aikinsa shi ne ainihin yanayin da ciwon ke so, domin yakan wuni yana gudu ɗaya da cikakken nauyi, a cikin zafin bazara.

Ban ce kada a koma gas ba. Wanda ya ga kuɗin man da manomin tumatir ke ƙonawa daga dashe zuwa tsinka ba zai faɗi haka ba. Abin da nake cewa shi ne a karon farko Kakuri ce ta cece mu ba tare da ta yi niyya ba, a wannan karon kuwa injinan da ke hannun mutane tarkace ne daga ko'ina, na Beljiyam da na Kwatano da ƙananan injinan Sin masu sunaye barkatai, kuma babu wanda ya san taurin mazaunin bawul ɗin kowanne. Mai sauya inji zai karɓi kuɗinsa ya nuna maka yadda ake murɗa makunni. Da wuya ya gaya maka cewa daga yau awon tafet ya zama wajibi fiye da da, ko cewa akwai ɗan kwalbar mai da ake ɗaurawa yana ɗiga wa bawul don rage cin, ko cewa alamar farko ita ce wahalar tashi da safe. Idan injin ya ƙone bawul a tsakiyar rani, asarar ba ta tsaya a kan inji ba, har da gonar da ta kwana uku babu ruwa.

Aikin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana nan a Kazaure da malaman injiniya da ɗalibai masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kansa. Su ɗauki injinan ban-ruwa da janareto da aka fi saya a kasuwanninmu, da injin Fijo da na ƙananan motocin haya, su kunna wasu da fetur wasu da gas, su riƙa auna tazarar bawul bayan kowace sa'a hamsin, su rubuta. Abin awon siraran faifan ƙarfe ne da kuɗinsu bai kai na lita biyar ta mai ba. Cikin zango ɗaya za a san injin da ke jurewa da wanda ba ya jurewa. A buga sakamakon da Hausa a takarda mai shafi ɗaya, da boko da ajami, a miƙa wa ƙungiyar kanikawa da ta direbobi da ta manoman rani, a kuma karanta a rediyo. Shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Yankwashi da Roni da Gwiwa da Babura, idan suka haɗa hannu, kuɗin aikin ba zai kai na tayoyin motar ofis ɗaya ba. Hukumar da ke ba cibiyoyin sauya mota lasisi kuma ta wajabta musu auna tafet a gaban mai mota ranar da aka sauya, su rubuta masa adadin a takarda, da ranar da zai dawo a sake aunawa.